Maskara a Idon Dama

Masu karatu, yau zan faɗa muku abin da na yi niyyar tafiya da shi kabari. Wanda dariya ta kama ya yi abarsa, ba zan ji haushi ba. Mahaifiyata ta riga ku, kuma ta yi tata ne haƙoranta na cikin kofi.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa: sunana Ambrus, shekarata arba'in da tara, ban taɓa aure ba. Aikina karanta mitar ruwa a ƙauyenmu da wasu biyar na kewaye. In kun taɓa ganin mutum a durƙushe a ƙofar gida, kai a cikin rami, tocila a baki, sauran jikin yana gaida masu wucewa, to ni ne. Matar da nake so sunanta Aranka. Ta dawo daga Jamus a watan Maris don ta kwashe kayan mahaifiyarta da ta rasu. Ranar Laraba dillali zai kawo mai sayen gidan a sa hannu, da an sa hannu kuma ta koma wurin 'yarta, ba ta da sauran abin da zai dawo da ita. A makonni biyar ɗin da ta yi a nan, abin da na iya gaya mata shi ne bututun bayan gidanta yana yoyo.

Litinin ɗin Ista kaɗai ta rage mini, ranar da maza ke bin gidaje suna watsa wa mata ruwa su karɓi jan ƙwai. A ƙauyenmu abin kashi biyu ne, kowa ya sani ba sai an faɗa ba. Turare na gaisuwa ne, ka fesa wa gwaggonka, ka fesa wa matar maƙwabci, ka wuce. Bokitin ruwan sanyi kuwa na wadda kake nufi da gaske ne, kuma wanda ya fara zubawa shi ake lissafawa. Na biyu ya jiƙa rigar da ta riga ta jiƙe.

Sau ɗaya na taɓa ɗaukar bokiti, ina ɗan shekara ashirin da biyu, kuma Arankar nan na kai wa. Ranar ta sa farar riga mai aikin hannu wadda kakarta ta ɗinka, ta kuma sa maskara, baƙin da mata ke shafa wa gashin ido, karo na farko, wadda wata innarta ta aiko mata daga Ostiriya. Ni ina na san wata maskara. Na karanto baitin neman izini, ta ce zuba, na zuba. Sai ga baƙin ruwa layi biyu daga idonta, ya bi kumatu, ya sauka a kan farar rigar. Wani mai ɗaukar hoton jaridar lardi yana tsaye a bakin shinge. Ranar Alhamis hoton ya fito a shafi na uku, ni ina washe baki kamar wanda ya ci gasa, ita kamar an zaro ta daga bututun hayaƙi. Samarin gari suka sa mata suna Mai Share Bututu. Ba ta sake yi mini magana ba. Kafin shekara ta ƙare ta tafi Jamus aikin asibiti, ta auri wani makanikin bas. Ya rasu shekara uku da suka wuce. An ce mutumin kirki ne, kuma bai taɓa jiƙa ta ba.

To ranar Asabar ina goge takalmi sai saƙon yayata Jolan ya shigo. Ita ke tsaron kantin sabulu da kayan kwalliya a cikin gari.

“Gimbiyarka ta shigo yanzu. Ta sayi maskara, sabuwar nan mai baƙin kwali da rubutun zinariya. Ka yi tunani kafin ka taɓa bokiti.”

Na ajiye takalmin, na hau keke. Kilomita bakwai ne, ban tsaya ko a gada ba.

“Tana jure ruwa?” Abin da na fara cewa ke nan da na shiga, ina haki.

“Ina kwana, ƙanena. Ni ma ina lafiya, na gode da tambaya.”

“Jolan.”

“Ban sani ba. Shekaranjiya aka kawo ta.” Ta ɗauko kwalin ta miƙo mini. “Da manyan haruffa an ce tana ninka gashin ido sau biyar. Abin da ya rage kuma, ka nemi mai jin Faransanci.”

Na juya kwalin. An manna 'yar takarda da harshenmu a baya, kuma abin da ta ce kawai shi ne a kula kada ta shiga ido. Abin da aka yi don ido.

“Gwada mini a idonki, mu shiga bayan kanti in watsa miki kofi ɗaya.”

“Kai, Kelemen Ambrus.” In Jolan ta haɗa da sunan gida, an kusa faɗa. “Gashin idon nan da kake gani dasa mini aka yi, awa biyu ina kwance kamar gawa. Ko mijina ba ya taɓa shi. Ka sayi turare kamar kowane tsoho mai hankali.”

“Shekara ashirin da bakwai ina gaisuwa.”

Ta kalle ni, ta kalli kwalin. Ta karɓa ta wuce da shi kan na'ura.

“In sa maka a leda, ko a nan za ka sa?”

Ranar Lahadi muka ci abincin rana a gida, ni da Mama da Jolan da mijinta, wanda ba ya magana in akwai abinci a gabansa. Mama ta shimfiɗa farin ƙyallen tebur na biki, ta jera dafaffen ƙwai da burodin kitso da naman cinya mai hayaƙi. Ta bari sai da na cika baki, kamar yadda ta saba.

“Ɗana, ni na haƙura da jika. Na daina tambaya tun kana arba'in. Abin da nake so yanzu in san wa zai gaya maka rigarka a bai-bai take in ba ni.”

“Mama, bari in haɗiye.”

“Tun yaushe kake haɗiyewa.”

Jolan ta goge baki ta ce, “Likita Kalman ya ce shi zai kai Aranka Jamus da motarsa. Awa tara, su biyu, da kujera mai ɗumama kanta.”

Kalman likitan dabbobi ne da ya yi ritaya. Matarsa ta rasu, gashin kansa bai bi ta ba, yana nan cif, fari tas, kullum a taje. Yana da irin muryar da shanu ke ji su kwanta.

“Turare zai kai,” na ce. “Kalman ba zai ɗauki abin da ya fi jakar kuɗinsa nauyi ba.”

“Kai ma ka kai turare,” in ji Jolan. “In ka sake ɓata mata fuska a gaban mutane, wannan karon ba jarida ɗaya ba ce, kowa da waya a hannu.”

Gaskiyarta, kuma ita ta fi ba ni haushi. Amma ni mutum ne da ba ya yarda da lamba sai ya ɗaga murfi ya gani da idonsa. Bayan sun tafi na shiga rumfar kayan aiki na shafa maskarar a burushin fenti, na tsoma a ruwa. Ba ta zuba ba. Na shafa a burushin takalmi. Nan kuma ruwan ya yi baƙi, sai dai ban san ko maskara ce ko man takalmin shekara goma ba. Na aika wa Jolan hoton burusan biyu.

“Burushi ba ya zufa, ba ya ƙifta ido,” ta rubuto. “Sai a kan mutum. Ka bar ni in huta.”

A gidanmu mutum biyu ne. Ɗaya shekararta tamanin da ɗaya, kuma an yi mata aikin ido bara.

Litinin ƙarfe bakwai saura na kulle kaina a banɗaki. Na riga na yi aski, na rataye farar riga da baƙar falmaran ta mahaifina a bayan ƙofa. Na jingina madubin askinsa a kan koren tayil, na buɗe kwalin. A wurin aikinmu in ana zargin mita, ba a gwada ta ita kaɗai, sai an ajiye lafiyayyiya a gefe don a kwatanta. Saboda haka na yanke cewa idon dama shi ne na gwaji, na hagu ya zauna yadda Allah ya yi shi.

Mata masu karanta wannan, na ƙara girmama ku. Ɗan burushin nan ya fi ƙarfin hannun da ke ɗaga murfin ƙarfe. Na fara da hanci, na yi wa gira ɗigo biyu, na soki ƙwayar idon sau ɗaya har na ga fitilu. Kuma ba wanda ya gaya mini cewa baki yana buɗewa da kansa. Na tsinci kaina a gaban madubi baki a hangame kamar kifin da aka jefo kan gaɓa. Amma na dage. Na shafa sau ɗaya, na jira. Na yi tunanin macen da ta sayi abu don cika ba za ta tsaya a ɗaya ba, na ƙara. Na uku kuma na ƙara shi ne don kada a ce gwajin bai cika ba.

Kwalin bai yi ƙarya ba. Idona na dama ya zama irin na maraƙi, gashin ya miƙe ya lanƙwasa sama, in na ƙifta har iska nake ji a kumatu. Na hagu yana gefe kamar ɗan'uwan da ba a gayyata biki ba. Zan faɗi gaskiya tunda na fara: na daɗe ina kallon na daman. Ba wanda ya taɓa gaya mini ina da ido.

Na fara da kofi ɗaya na ruwan famfo. Ba ta motsa ba. Na bi da buta guda. Ba ta motsa ba. Sai na fita tsakar gida da gajeren wando, na ja guga daga rijiya, na juye a sabon bokitin da na saya, na ɗaga shi sama na sakar wa kaina. Watan Afrilu ne, akwai sauran ƙanƙara a kan ciyawa. Na ji ruwan har cikin haƙoran da aka cire mini. Na koma da gudu na duba madubi.

Tana nan daram. Ko ɗigo bai sauko ba.

Na yi murnar da rabona da ita tun ranar da aka tabbatar da ni a aiki. Na ɗauki sabulu na wanke fuska ina 'yar waƙa. Na ɗago. Tana nan. Na sake wankewa da ruwan zafi. Na gwada sabulun wanki. Na gwada na wanke kwanoni, mai ƙamshin lemo. Idon ya yi ja kamar tumatir, gashin kuwa kamar yanzu aka gama shafa masa.

Ina fitowa na yi kiciɓis da Mama a ƙofar kicin, da rigar barci da kofin haƙoranta a hannu. Ta tsaya. Ta karkata kai ta kalli dama, ta karkata ta kalli hagu.

“Baiwar Allah, wa kike nema?” ta ce.

Daga nan dariya ta ƙwace mata. Ta zauna a kan kujerar kicin tana girgiza, hawaye na bin fuskarta, tana nuna ni da kofin.

Na rubuta wa Jolan: “Tana jure ruwa. Yaya ake cire ta?”

“Cire ta daga ina?”

Na aika hoto. Minti huɗu ba amsa. Daga baya ta gaya mini a ƙasa take, mijinta yana yi mata fifita.

“Man girki da auduga. A hankali, minti ashirin. In ka yi gaggawa za ta narke ta bi fuskarka har kunne, sai ka kwana kana goge. Kada ka murza, idon ya riga ya kumbura.”

Ƙarfe takwas da kwata. Akwai lokaci. Na ɗauko kwalbar man girki, Mama ta miƙo mini auduga tana share ido. Na jiƙa audugar, na ɗaga ta, sai wayar ta sake motsi.

“Motar Kalman ta wuce ƙofarmu yanzu. Ya sa kwat mai ruwan ƙasa. Akwai bokiti a kujerar baya.”

Na karanta sau biyu. Daga gidan Jolan zuwa na Aranka minti huɗu ne a mota. Daga namu minti shida ne a ƙafa, in ka bi ta bayan gonaki.

Masu karatu, na san abin da wasunku za su rubuto a ƙasa: ai da ka tsaya ka goge, mace ba ta guduwa. Wannan ta taɓa guduwa. Na ajiye audugar.

Na zura wando da farar riga da falmaran, na cika bokiti daga rijiya. Mama ta biyo ni har ƙofa da baƙin tabaran da aka ba ta a asibiti bayan aikin ido, irin mai faɗi da ke rufe har gefen kunne.

“Sa wannan. Kuma ka gyara maɓallin sama, ka tsallake ɗaya.”

Ba wanda ya fi mai karanta mita sanin bayan gidajen mutane. Na san shingen da ya ɓalle, na san karen da ke cizo da mai surutu kawai. Na bi ta gonar kabeji, na ratsa bayan coci, bokiti na dukan gwiwata, ruwa na fantsama a wando. Wasu maza uku da suka fara zagayen turare tun da wuri suka hango ni, ɗayansu ya ɗaga murya ya ce in ana ɗaukar fim a gaya musu su ma su shiga. Ban waiwaya ba.

Da na ɓullo layin su Aranka, motar Kalman tana ƙofar gidan. Shi kuma yana tsallaken titi, a gaban famfon gwamnati mai shuɗin fenti, yana danna hannun famfon da dukan ƙarfinsa, bokitin roba a ƙasa wayam. Ashe bai yarda ya ɗauko ruwa a mota ba, saboda kujera. Famfon nan kuwa ni na rufe shi da hannuna a watan Nuwamba don kada ƙanƙara ta fasa shi, kuma har yau ofis ba su ba da umarnin buɗewa ba.

“Ambrus, Allah ya kawo ka. Me ya sami idonka? Zo ka buɗe mini abin nan.”

“Sai da takarda daga ofis, likita.”

“Yau hutu ne.”

“Shi ya sa.”

Ya kalli bokitina, ya kalli nasa. Ya gyara kwat.

“Ka sam mini rabi mana, mu tsofaffin abokai.”

“Ban taɓa ganin ka raba allurar saniya biyu ba.”

Na tura ƙofar shingen na shiga. A baranda an jera kwalaye, kowanne da rubutu: na coci, na zubarwa, na Jamus. Na Jamus sun fi yawa. Ban ƙwanƙwasa ba ta fito. Tsohuwar shuɗiyar rigar mahaifiyarta ce a jikinta, wadda ake shiga lambu da ita, da silifas na roba, ta ɗaure gashinta baya. Ta harɗe hannu a ƙirji ta tsaya a kan matakala ta biyu. Ta cikin tabaran Mama komai duhu ne, ban ga fuskarta sosai ba.

Maƙwabta sun fara leƙowa ta shinge. Kalman ya biyo ni ya tsaya a baya da kwalbar turarensa, tunda ita ta rage masa.

Na cire hula. Baitin da kowa ke karantawa na yara ne, furanni da daji, don haka na shirya nawa tun a kan keke:

“Na zagaye ƙauye shida da tocila a baki,
na auna ruwan kowa, ban rage ba, ban ƙara ba.
Wannan bokitin kaɗai ban auna ba. In zuba?”

Ta ƙura wa tabaran ido.

“Ba na amsa wa mutumin da ban ga idonsa ba. Cire tabarau ka sake tambaya.”

Zan iya cewa ciwon ido nake. Na ji ƙaryar ta taho har bakina, a shirye, da takalminta. Sai na tuna cewa Laraba jibi ce. Na ajiye bokitin, na cire tabaran, na naɗe shi na sa a aljihu, na ɗago kai na kalle ta da ido biyu, babba da ƙarami.

Kalman ne ya fara. Dariyarsa ta likita ce, daga ciki take fitowa. Sai ta bi shinge gida-gida. Na hango matar maƙwabci ta ɗaga waya. Na tsaya yadda nake, har na ɗan juya mata ɓangaren dama don hoton ya fito da kyau. In za a yi, a yi.

Aranka ba ta yi dariya ba. Ta sauko matakala ɗaya, ta matso, ta ƙura wa idon ido.

“Wannan irin tawa ce.”

“Ita ce.”

“Sau nawa ka shafa?”

“Uku.”

“An gani.” Gefen bakinta ya motsa, ta danne shi. “Me ya kai ka?”

“Gwaji na yi. Kofi, buta, bokiti ɗaya na rijiya. Ba ta zuba, Aranka. Sabulu ma ba ya taɓa ta. Rigarki ba abin da zai same ta.”

Sai a lokacin na kalli nata idon da kyau. Ba komai a kai. Gashin idonta ne na haihuwa, gajere, har da fari ɗaya ko biyu.

“Ba ki sa ba,” na ce.

“Jiya na sa, na je coci. Yau Litinin ce. Sau ɗaya ake yi mini abu in koya.” Ta ja wuyan shuɗiyar rigar. “Kana ganin don ado na sa wannan? Tun ƙarfe bakwai nake cikinta, sanyi na kashe ni. Har na fara tunanin ko ka sake tsayawa duba bututu.”

Kalman ya yi gyaran murya ya matso da turarensa. “Aranka, ranki ya daɗe, in an yarda...”

“Fesa, likita, na gode. Ƙwanka na cikin kwando a kan tebur.” Ya fesa mata sau biyu a gashi, ba ta ko juya ba. “Kai kuma ina jira. Tambayar.”

“In zuba?”

“Zuba.”

Na zuba. Duka, daga kai har silifas. Ta ja numfashi, ta faɗi wata kalma da Jamusanci wadda ban nemi fassararta ba. Ruwa na bin fuskarta fari tas. Ta share da tafin hannu, ta kama ni a falmaran ta ja ni ciki, ta tura ƙofa da ƙafa.

Kicin ɗin rabinsa a kwashe yake. An sauke labule, agogon bango ya bar farar da'ira a inda yake a da. Ta naɗa tawul a kai, ta yafa rigar sanyi, ta nuna mini kujera ɗaya da ta rage. Na ɗauka man girki za ta ɗauko. Sai ta buɗe jakarta ta fito da baƙin abin nan mai rubutun zinariya.

“Ba mai fita daga gidan nan da ido ɗaya. Zauna.”

Na zauna. Ta sa gwiwa ɗaya a gefen kujerar, ta riƙe haɓata da yatsu uku. Hannunta sanyi ƙalau, ruwan rijiyarmu na ɗiga daga gashinta a kan farar rigata. Rabon da wani ya riƙe mini fuska tun likitan haƙori.

“Daga tushe ake farawa, kana ɗan girgiza shi, sannan ka ja sama. Kai a baki kawai ka lafta, shi ya sa ya dunƙule. Rufe bakinka.”

Na rufe.

“Shekara ashirin da bakwai ina jin haushin hoton nan,” ta ce tana shafawa. “Ba baƙin fuskar ba. Kai ne ba ka zo washegari ba. Na jira ka ce wani abu, ko shirme ne.”

“Na zo har shinge sau uku.”

“Na gan ka. Kana duba mita.”

Wayarta ta yi ƙara a kan tebur. Ta gefen ido na ga sunan 'yarta. Ta bar ta ta yi ta yi har ta gaji. Ta sake tsoma burushin, ta koma kan idona.

“Gobe Talata, ranar mata ce, mu ke ramawa. Ƙarfe bakwai ina ƙofar gidanku, kuma bokitin mahaifiyata ya fi naka girma. Kada ka goge wannan. Ina so in gani da idona ko ƙarya kake.”

“Ba zan goge ba.” Sai na tambaya: “Laraba fa?”

Wayar ta sake ɗaukar ƙara. Yatsunta suka ƙara matse haɓata.

“Kalli sama, Ambrus. Kana motsi.”